Tokar Kawu

Da sunan Allah mai rayawa, mai ɗaukewa, wanda duk abin da ke hannunmu aro ne daga gare Shi. Kwana goma sha biyu ke nan da rasuwar kawuna, yayan mahaifiyata, bakanike a garin Kalgo. Na fara rubuta wannan da ajami yadda hannuna ya saba, sannan na mayar da shi boko, domin mutanen da nake so ya isa gare su yawancinsu direbobi ne.

Ranar sadakar uku an yi shimfiɗa a ƙofar gidansa, a gindin bishiyar dogon yaro da Kawu ya yi shekara da shekaru yana aiki a inuwarta. Damina ce, ƙasa da danshi, sai da aka fara jera buhuna kafin a ɗora tabarmi. Mutane sun zo daga Jega, daga Birnin Kebbi, daga Ceberu da Dodoru, akasarinsu masu tsofaffin motocin ɗaukar shinkafa da albasa. Kowa ya zo ya durƙusa a yi addu'a a shafa, sai wani ya ɗauko labari.

Wani tsohon direba mai furfura har a gira ya ce, "Sau ɗaya tak na taɓa yi mai ƙarya. Na ce jiya-jiya na canza baƙin mai. Ya tsoma yatsa, ya murza, ya kai hanci, ya dube ni ya ce, 'Jiyan wace shekara?'"

Aka yi dariya, sai kuma aka tuna inda ake, dariyar ta mutu. Wani manomi daga Dodoru kuwa, tun zuwansa hawaye kawai ke bin gemunsa, bai kuma damu ya share ba.

Sai mai facin taya, maƙwabcin Kawu na bakin titi, ya gyara zama. Da kyakkyawar niyya ya yi maganar, na tabbata. Ya ce, "Mutumin kirki ne, wallahi. Allah shi gafarta mai, har da 'yar tokar nan da yake yi. Kowa da rauninsa."

Mutane suka ce amin. Ni ban ce amin ba. Ɗan Kawu na fari, taubashina, yana zaune a ɗaya gefen tabarmar, ya ɗaga kai ya dube ni. A bayansa motata take, a inda na bar ta, an rufe ta da tamfol saboda ruwa.

Abin da mai facin yake nufi shi ne Kawu yana tsibbu. Wannan magana kuwa daga bakina ta fara fita, shekara biyu da suka wuce, a gindin wannan bishiya. Ni malamin makarantar Islamiyya ne a Gwandu. Duk shekara ina karantar da cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, Ubangiji yana yafewa in Ya so, amma hakkin wani mutum yana nan a rataye har sai mai shi ya yafe da kansa. Mai hakkin nawa yana kwance a maƙabartar Kalgo, ban kuwa roƙe shi ba.

Bari in faɗi ko wane ne shi tukuna, don kada laifina ya rufe shi.

Dogo ne, siriri, mai ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya ƙare rayuwarsa yana leƙa cikin inji. Matarsa ƙanwar mahaifina ce, saboda haka Goggo nake ce mata tun kafin ta zama matar Kawu. Wannan ya sa ni da ɗansu muka zama taubasai ta fuska biyu. A al'ada ɗan mace shi ne bawan ɗan namiji a wasan taubasai, to mu kowa ɗan mace ne ta wani ɓangare, kowa ɗan namiji ne ta wani. Mun girma muna gardamar wane ne bawan wani, har muka yi furfura ba a raba ba.

Kawu ba ya gaggawa. Idan aka kawo masa mota, sai ya bar mai ita ya gama bayaninsa duka, yana jan carbi, yana gyaɗa kai. In an gama sai ya ce, "To, na ji naka. Bari mu ji nata." Kafin kowace salla yakan wanke hannunsa da yashi da garin sabulu har sau biyu kafin ya taɓa buta, ya ce ba zai tsaya gaban Ubangiji da maiƙon da zai hana ruwa taɓa fata ba. Duk da haka layukan tafinsa baƙaƙe ne har ya koma ga Allah. Bai yi boko ba. In ya gano ciwon mota, sai ya yagi gefen kwali ya rubuta da ajami, ya soke a ƙarƙashin abin share gilashi. Direban da bai iya karantawa ba sai ya kai wa limamin tasha. Kawu ya ce abin da aka faɗa da baki mai mota yakan sauya shi kafin ya isa wurin mai sayar da kaya, amma kwali ba ya ƙari.

An san shi da abubuwa da yawa, amma abin da ya fi shahara da shi shi ne gano inda baƙin mai ke yoyo. Tsohon inji in ya fara yoyo, ko'ina baƙi ne, ko'ina jiƙe. Mai yana gangarowa, iskar fanka da ta hanya tana kora shi baya, ya bi jikin ƙarfe ya je ya ɗiga a wani wuri da babu ruwansa da ciwon. Bakanike mai gaggawa sai ya duƙa ya ga inda yake ɗiga, ya ce nan ne, ya kwance. Kawu yakan ce, "Inda kag ga yana ɗiga, nan ya gama tahiyarsa. Ni wurin da ya taso nike nema."

Hanyarsa kwana uku take ci. Ranar farko ya wanke injin tas da kananzir da garin sabulu, da tsohon buroshi, lungu-lungu, ya bar bonet a buɗe rana ta busar. Rana ta biyu ya aika cikin gida Goggo ta ba shi toka. Ba kowace toka ba, sai ta karan dawa, don ta fi fari kuma ta fi laushi. Ya tankaɗe ta da rariya, ya ƙulla a ƙyalle mai shara-shara, ya riƙa bubbuga ƙullin a jikin inji har ko'ina ya yi fari fat, yana kare bakin da inji ke shaƙar iska da tsumma kada ta shiga. Sannan a tayar da mota, a je mararraba a dawo. Sai ya shimfiɗa tabarma ya kwanta, da tocila da wani ɗan fasasshen madubi da ya ɗaure a bakin kara. A kan farar tokar nan sabon mai yakan zana baƙin layi siriri. Shi kuwa ya bi layin, yana hawa da shi, har ya kai inda babu baƙi a samansa. Nan ne. Rana ta uku ya sake tayarwa ya sake dubawa, don ya ce yoyo yakan zo da ɗan'uwansa. Kafin wannan ba ya ɗaukar sifana ko da za ka yi kuka.

Na taɓa gani da idona, an kawo masa wata mota daga Ceberu da aka ce sai an sauke injinta gaba ɗaya. Mai ita ya riga ya haƙura, damina ta kama, ga taki yana jiran a kai gona. Bayan kwana uku Kawu ya kira shi, ya nuna masa wani ɗan zoben roba da bai kai faɗin tafin jariri ba, a gindin matatar mai. Ya canza, magana ta ƙare. Sai mutumin ya kama hannun Kawu da hannu biyu yana jijjigawa. Kawu ya zare hannunsa ya ce, "Tahi ka kai takinka, hadari na haɗowa."

Lokacin da na sayi tawa motar, tsohuwa ce 'yar Kwatano, Kawu ya rufe wurin aikinsa yini guda ya bi ni don kada a cuce ni. Ya zagaya ta, ya saurare ta, ya nuna mini wani abu mai kama da katantanwa a gefen injin, kusa da inda hayaƙi ke fita. Ya ce, "Wanga shi ake kira turbo. Hayaƙi ke juya shi, shi kuma shi hura ma inji iska. Mai yake sha kamar jariri, ta bututu guda shi shiga, ta wani shi koma. In ka yi doguwar tahiya kada ka kashe ta da zafi. Bar ta tana aiki, ka yi tasbihi talatin da ukku, sannan ka murɗa makulli." Yakan kira ni Malam Ƙarami. Ya ƙara da cewa, "Malam Ƙarami, ga lada ga gyaran mota, mi kake so kuma?"

Na riƙe wannan wata biyu ko uku, daga baya na bari.

Shekara biyu da suka wuce, da bazara, motar ta fara yoyo. Duk inda na ajiye ta sai ta bar tabo. In ta yi zafi sai warin ƙonannen mai ya shigo ciki, wani siririn hayaƙi yana fita ta gefen bonet, wajen turbo. A makon nan kuwa akwai walimar saukar karatu a Kambaza ranar Asabar, ni aka ɗora wa ɗauko tsohon malaminmu. Ina jin kunyar in ɗauke shi a mota mai wari, ina kuma jin kunyar a ce motar malam ta ƙi. Ranar Alhamis na taho Kalgo.

Akwai mutane a gindin bishiyar, direbobi huɗu ko biyar suna jiran nasu aikin, da mai facin taya. Kawu ya buɗe bonet, ya duba, ya ce, "Bar ta kwana ukku."

Na ce, "Kawu, jibi nake da buƙatarta."

"To ka tahi da ita jibi, ka riƙa ƙara mai, ka maido ta bayan walima."

"Ai ga shi nan a fili, daga turbo yake fitowa. Ko ni da ba bakanike ba na gani."

Ya ce, "Ka ga inda yake ƙonewa. Ba ka ga inda ya taso ba."

Wani daga cikin direbobin ya yi dariya ya ce, "Malam, sai ka jira toka." Dariyar ce ta shige ni. Na ji kamar ni ake yi wa, da babbar rigata da hulata, ana mayar da ni yaro. Rariyar Kawu tana rataye a reshe, da ƙullin tokarsa. Na nuna su da baki na ce, da murya yadda kowa zai ji, "Kawu, wannan ba irin motocin zamaninku ba ce. Yanzu kwamfuta ake sa wa mota. Wannan barbaɗe-barbaɗen toka da madubi, in ba tsibbu ba mene ne?"

Ban yi imani da abin da na faɗa ba ko a lokacin. Na san toka toka ce, na san dalilinta, shi da kansa ya nuna mini. So nake in rama dariya, sai na ɗauki abin da ya fi kusa da hannuna.

Kawu ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya sa hannu biyu ya sauke bonet a hankali, yadda yake yi kullum, ya danna har ya kama. Ya ce, "To, Malam. Allah shi ba mu alheri." Tun daga ranar bai ƙara ce mini Malam Ƙarami ba.

Na wuce Birnin Kebbi, wani babban gareji mai rumfar kwano. Suka jona kwamfuta, suka leƙa, suka ce turbo ne. Aka cire aka sa wani na hannu, aka shafe mahaɗai da gam. Na kai malaminmu Kambaza ba wari, na dawo ina jin na yi daidai. Bayan mako uku tabo ya dawo. Wani bakaniken ya ce gaskit ɗin saman inji ne, aka canza. Wani ya ce sil ɗin baya ne, robar da ke tare mai, aka sauke giyar motar aka canza. Tabo yana nan. Na koma yawo da galan ɗin mai a but ɗin mota, kowace safiya in ja sandar awo in ƙara.

Wannan duk ba komai ba ne. Mota ce. Abin da ban sani ba shi ne maganata ta shiga tasha ta kama hanya.

Taubashina ne ya gaya mini, ranar wani suna a Gwandu. Na tare shi da wasan da muka saba, na ce, "Kai bawa, ba ka iya gaida ubangidanka ba?" Da can sai ya ce, "Wa ya 'yanta ka har kake magana?" Ranar bai ɗauka ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Ka san abin da ake hwaɗi a Kalgo? Cewa ake, ko ɗan ƙanwarsa, malami guda, ya ce tsibbu ne. In jahili ya hwaɗi, wa zai kula? Amma kai ne."

Na ce, "Haba, wasa ne fa."

"Wasa da wa? Baba abokin wasanka ne?"

Ya ce masu kawo mota sun ragu. Wasu samari masu wa'azi sun zo sun yi wa tsohon nasiha a gaban mutane, ya zauna ya saurare su har suka gama, ya yi musu godiya. Wani da ya daɗe yana bin sahu ɗaya da shi a masallaci ya fara tsayawa nesa. Kawu bai bar tokarsa ba, don bai san wata hanya da ta fi ta gaskiya ba, amma ya daina yi a fili. In ya kai ga wannan mataki sai ya sa a tura motar bayan katanga, kamar mai aikin kunya.

Inna, mahaifiyata, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Yayana ne. Shi ya riƙe ni da ubanku ya rasu. Ka tahi ka durƙusa, kuma a inda ka yi ɓarnar."

Na ce to. Na yi niyya, Allah Ya sani. Amma kullum sai in ga ba yau ba. Da Salla na je gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo mini fura. Na ce a raina, ai ka gani, ya wuce. Sau biyu na zauna na rubuta masa takarda da ajami, na tsara ta da kyau, na rasa wanda zan ba ya kai, ko kuwa in ce ban nema ba. Abin da ke da wuya shi ne in tsaya a gindin bishiyar nan, gaban direbobi, in ce ni malam na yi ƙarya. Sai na zaɓi in riƙa sa shi a addu'a, ina ganin kamar wannan zai biya.

A daminar nan, ranar wata Alhamis da hantsi, ina dawowa daga Jega, jar fitilar mai ta kama a daidai Kalgo. Na duba galan, babu ko ɗigo. Na kashe motar, wasu bayin Allah suka taya ni turawa. Wurin Kawu ne mafi kusa, babu yadda zan wuce shi.

Na same shi zaune a tabarma, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Mota ɗaya ce tak a wurin. Direbobi biyu suna zaune tare da mai facin taya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dafa kafaɗar taubashina ya miƙe, ya zo ya leƙa injin, ya ga gam ɗin da aka lafta ko'ina, ya girgiza kai kaɗan.

Ga mutane, ga bishiya, ga shi. Duk abin da Inna ta ce in haɗa, Allah Ya haɗa mini ba tare da na nema ba. Maganar tana bakina. Sai na dubi direbobin nan, na ga ɗayansu yana murmushi, na ce a raina bari sai ranar da zan zo ɗaukar mota, in ya gano ciwon, maganar za ta fi daɗin faɗa.

Kawu ya ce, "Bar ta kwana ukku."

Na ce, "To, Kawu."

"Ka dawo Lahadi bayan la'asar."

Na shiga motar haya na koma Gwandu. Ranar Asabar da hantsi taubashina ya kira ni a waya. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Baba ya cika."

Na samu jana'iza. Da aka jera sahu, kafin a kabbara, liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya taɓa ɓata wa rai, don Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe." Sau nawa na ji wannan, sau nawa ni da kaina na faɗa a gaban gawa. Sai ranar na lura cewa tambayar hanya ɗaya take bi. Ana roƙon masu rai su yafe wa wanda ke kwance. Babu wanda ke juyawa ya tambaye shi ko shi ya yafe.

Washegari na shiga wurin Goggo. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Bayan gaisuwa na tambaye ta yadda kwanakin nan suka kasance.

Ta ce ranar Alhamis ɗin shi da ɗansa suka wanke injin, yana zaune a kan kujera yana nuna lungun da za a goge, inda hannun ɗan bai kai yadda yake so ba ya karɓi buroshi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci rana ta fito, ya aiko a ba shi toka. Ɗan ya ce bari a tura motar bayan katanga. Kawu ya ce a bar ta inda take. A bakin titi ya barbaɗa, kowa yana wucewa yana gani. Aka zuba mai, ɗan ya je mararraba ya dawo, tsohon ya kwanta a ƙarƙashinta da madubinsa. Sai da aka kama shi kafin ya iya tashi.

Na ce, "Goggo, ya ambace ni?"

Ta ci gaba da jan carbi.

"Ko da kalma ɗaya. Ko ya ce ya yafe, ko ya ce bai yafe ba."

Ta ce, "Ɗana, ina cikin takaba, ba ni yi maka ƙarya don ka ji sanyi. Da ya aiko neman toka na ba da ta itace, don ita ke kusa. Ya maido, ya ce ta karan dawa yake so. Shi ke nan abin da na ji."

"Shekara biyun nan fa? Bai taɓa cewa komai ba?"

"Kawunka ne. Ka taɓa jin ya kai ƙarar wani?"

Na fito na je wurin motar, na ɗaga tamfol. Kwalin yana nan a ƙarƙashin abin share gilashi. Rubutunsa ne, ya ɗan karkace. Layi huɗu. Ya ce bututun da ke mayar da mai daga turbo zuwa cikin inji ya tsage ta baya, can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai da madubi. Ya ce ƙaramin bututun da inji ke fitar da tururi ta cikinsa ya toshe, a wanke shi, shi ke matsa man yana neman hanya. Ya ce turbo lafiyarsa lau, kada a sake taɓa shi. Layin ƙarshe ya ce, kada ka kashe ta da zafi.

Na karanta sau uku. Na juya bayan kwalin. Babu komai sai shatar babban yatsansa da baƙin mai.

To, wannan kwali yana aljihuna ranar sadakar uku, lokacin da mai facin taya ya roƙa wa Kawu gafarar tokarsa, jama'a suka ce amin. Na zauna kaɗan. Sannan na miƙe. Na ce, "Jama'a, don Allah ku ba ni aron kunnenku." Na yaye tamfol, na buɗe bonet. Injin fari fat. Na ɗauko karan nan mai madubi daga reshe, na ce duk mai so ya zo ya duba. Na ce toka ce kawai, ana sa ta don baƙin mai ya fito a kan fari, babu karatu a ciki, babu aljani. Na ce ni ne na fara kiran ta tsibbu, a nan wurin, ina sane cewa ƙarya nake yi, don an yi mini dariya. Na ce wanda duk ya ji daga gare ni, ko daga wanda ya ji daga gare ni, ya sani na zalunci bawan Allah.

Tsohon direban mai furfura a gira ya taso ya karɓi karan, ya duƙa da ƙyar, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ga shi nan kuwa. Kamar an ja da alƙalami." Mutum biyu suka bi bayansa. Sauran suna zaune, wasu sun sunkuyar da kai, wasu suna kallon titi. Mai facin taya ya ce, "Ai ya wuce, Malam. Allah shi jiƙansa." Daidai nan aka fito da gumba daga cikin gida, hankali ya koma can. Samarin masu wa'azi ba su zo ba. Wanda ya ƙaurace masa a sahu ya yi gaisuwarsa tun ranar farko ya tafi. Mutum ashirin ko ƙasa da haka suka ji ni, maganar farko kuwa ta yi shekara biyu tana shiga motoci.

Da mutane suka watse, taubashina ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Ka yi daidai."

Na ce, "Ya isa?"

Ya dubi injin, ya dubi reshen da rariya ke rataye. Ya ce, "Ran Alhamis ya kamata." Ya sauke bonet da hannu biyu ya shiga gida.

Motar tana nan Kalgo har yau. Taubashina ya kira ni sau biyu, ya ce an samo bututun, aikin rabin yini ne, in zo a sa. Na ce to. Na san in aka sa sai an wanke injin. Danshin damina ma ya riga ya fara cin tokar, jiya da na je na ɗaga tamfol ta yi duhu-duhu, layin ya fara bajewa, nan da mako ba wanda zai iya bin sa. Babu kuma wanda ya gaji aikin. Ɗansa noma yake yi.

Wasu sun ce mini wanke injin da ya yi da ciwo a jikinsa, da sa tokar a bakin titi, ai yafiya ce. Mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma aikinsa kawai ya yi, yadda zai yi wa duk motar da aka turo gindin bishiyarsa, ko ta wane ne. Na san shi, duka biyun za su iya zama. Shi ya koya mini kada in ce nan ne sai na ga inda abu ya taso, ni kuwa a nan ba ni da abin da zan duba.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka wanke shi fiye da yadda yake wanke hannunsa domin tsayuwa gabanKa. Wanda wannan takarda ta isa gare shi, in direba ne, ina roƙonsa ya karanta ta da ƙarfi a tasha. Ni kuma Lahadin da ya ce in dawo ta wuce. Saura ranar da za a tsayar da mu ni da shi, a tambaye shi.